Yadda Ake Shirya Bikin Adabi Kan Asali a Zariya, Tun Daga Zaman Farko Har Mayar da Kujeru

Karon farko da muka shirya bikin adabi a garin nan, ƙarfe goma na safe muka sa a kati, babban baƙo ya iso sha biyu da rabi. Kafin a gama addu'a da gabatar da manyan baƙi da jawabin maraba da na shugaban taro da na uban taro da na wakilin wanda bai samu zuwa ba, ladan ya kira azahar. Da aka dawo daga salla rabin kujerun babu kowa. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a sakandare da ta taso tun daga Tudun Jukun da waƙarta cikin littafin rubutu mai jan bango, ta zauna a layin baya tana ta naɗe gefen takardar da yatsa. Har aka tashi ba a kira ta ba. Da na je ba ta haƙuri sai ta ce, "Ba komai Malam, dama a kan kakata na rubuta, zan karanta mata a gida." Taken bikin namu kuwa a kan asali yake. Manyan malamai sun shafe awa uku suna bayanin asali, ita kuma da ta zo da nata a hannu muka sallame ta da shi.

Abin da zan shimfiɗa a nan daga wannan kunyar ya fito, da abin da muka gyara a karo na gaba. Na rubuta shi ne domin ƙungiyar marubuta, ko ɗaliban jami'a, ko 'yan unguwa da ke son yin biki na yini ɗaya zuwa biyu da ƙaramin ƙarfi.

Ku fasa taken ya zama tambayoyi

Kalmar asali faɗi gare ta. In kuka rubuta ta haka tsurarta a fosta, kowane mai magana zai zo da laccar da ya saba yi a ko'ina. Don haka a zamanku na farko, tun kafin maganar kuɗi ko zaure, ku ɗauki takarda ku rubuta tambayoyi huɗu ko biyar waɗanda mutumin Zariya zai ji sun taɓa shi a jiki. Garin ya ba ku su kyauta.

Ga ta farko: wane ne Bazazzagi? Wanda aka haifa a cikin ganuwa, tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, yana da amsarsa. Wanda kakansa ya biyo aikin jirgin ƙasa ya sauka a Sabon Gari wajen shekarar 1911, shi ma yana da tasa, ko da sunan gidansu na Yarbawa ne ko na Ibo, kuma sau da yawa Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Ga mutanen Tudun Wada, ga na Samaru da jami'a ta tara tun 1962, ga Hausawa Kiristoci na Wusasa, inda aka mayar da mishan ɗin Likita Mila, mutumin da ya yi babban aiki wajen fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa wanda ya fito a 1932. Sannan ga Suleja. Lokacin da jihadi ya iso Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya fice ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja, kuma har gobe sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. A nan gida kuma sarauta na tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ku dubi sunayen nan kawai, uku daga cikinsu suna nuna wata ƙasa ce da aka taso daga cikinta. Tambaya ɗaya ke nan, amma za ta ci zama guda cur.

Ta biyu ita ce wadda na fi so, domin ta shafi adabin kansa. A Zariya aka raini rubutun boko na Hausa. A nan Hukumar Talifi take lokacin da shugabanta, Bature Rupert East, ya shirya gasar rubutun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta biyo baya a 1954, sai kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. To amma ku lissafa marubutan littattafan gasar: Abubakar Imam da yayansa Bello mutanen Kagara ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan Bauchi, Muhammadu Gwarzo daga ƙasar Kano. Ɗan gida a cikinsu shi ne John Tafida na Wusasa. Ke nan garin da ake yi wa kirari da gidan rubutun Hausa, baƙi ne suka ɗora masa yawancin tubalan. Me wannan ke faɗa mana a kan baƙo da ɗan gari? Ku ba mutum uku wannan tambaya ku koma gefe.

Sauran ku samo su da kanku. Akwai ta ajami da boko, da wanda ake kira mai ilimi da wanda ba a kira, alhali Aliyu Namangi da bai taɓa ganin harafi da ido ba ya bar mana Imfiraji, kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, mawaƙi ne da har yau ake nazarin waƙoƙinsa. Akwai ta Zazzaganci, wanda Kanawa ke tsokanarmu da shi cewa ba mu bambance mace da namiji a magana. Akwai ta Sarauniya Amina, wadda kowa ke alfahari da sunanta amma kaɗan ne za su so 'yarsu ta yi irin halinta. Idan akwai masu zane a cikinku, ku tuna da ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda rigimarsu da malamansu Turawa a kan wannan batu ne: me za mu ɗauka daga waje, me za mu riƙe na gida.

Tambayoyin nan su ne za su zama sunayen zaman da za ku yi. Taken fosta kuma ya zama gajere, kalma uku ko huɗu, wanda mai acaɓa zai karanta yana wucewa.

Kwamiti

Mutum bakwai sun isa. Shugaba, ma'aji, mai kula da masu magana, mai kula da wuri da kaya, mai yaɗa labari, mai kula da abinci da masaukin baƙi, da mai kula da littattafai. Kada duk su fito daga unguwa ɗaya ko masallaci ɗaya. In kwamitin bikin asali bai da mace ko ɗaya, bai da kowa daga Wusasa ko Sabon Gari, tun a nan kun amsa tambayarku ta farko, kuma kun amsa ta ba daidai ba. Ma'aji ya zama mutumin da ba ya jin kunyar cewa "kawo rasit". Ku buɗe zauren WhatsApp ɗaya na aiki kaɗai, ku hana tura gaisuwar Juma'a da bidiyon siyasa a cikinsa, in ba haka ba saƙon da ya kamata a gani zai nutse.

Zaɓen rana

Ku ba kanku wata huɗu. Ku kauce wa Yuli da Agusta saboda ruwa, sai dai in zaure kuke da shi mai rufin kirki, domin in ruwa ya sauka a kan kwano babu lasifikar da za ta yi muku aiki. Maris da Afrilu zafi zai kori jama'a kafin azahar. Tsakiyar hunturu ƙura tana shaƙe murya, dattawa kuma ba sa fitowa da sassafe. A ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke, sanyi bai kankama ba.

Sai ku ɗora kalandar Musulunci a kan ta boko, ku tabbata ba ku faɗa cikin azumi ko makon salla ko Mauludi ba. Ku tambayi ɗaliban ABU da na kwalejin Nuhu Bamalli yaushe jarrabawarsu, domin su ne rabin masu cika muku kujeru. Juma'a a fara bayan an sauko daga masallaci, Lahadi a fara bayan an taso daga coci. Asabar ce ranar da kowa ke da ita, don haka zaman da ya fi muhimmanci a sa shi a ranar. Ku kuma leƙa ranakun bukukuwan adabi na wasu garuruwa, irin KABAFEST na Kaduna da aka fara a 2017 da HIBAF na adabin Hausa, kada ku yi karo, saboda marubutan da za ku nema su ne dai waɗanda su ma suke nema.

Wuri

A nan mutane ke yin kuskuren da ba sa ganewa sai an gama. Wurin da kuka zaɓa shi ke zaɓar muku mahalarta. In kun kai bikin cikin harabar jami'a a Samaru, za ku samu zaure mai kyau da ɗalibai, amma dattijon Birni da ke da tarihin unguwarsu a ka ba zai hau mota biyu ya tsaya a bakin get ana tambayarsa katin shaida ba. In kun kai shi cikin Birni, ɗan Sabon Gari zai ɗauka taron 'yan gida ne ba a da shi.

Abin da muka yi a karo na biyu shi ne raba shi. Zaman safe a zauren wata makaranta a Tudun Wada, wanda yake tsakiya kuma keke ke kaiwa daga ko'ina. Zaman dare na waƙa da tatsuniya kuma a ƙofar gidan wani dattijo a cikin gari, a kan tabarmi. Wanda ya samu hanyar amfani da gidan wasan kwaikwayo na jami'a, wancan na ginin ƙasa, ya samu wuri mai kyau ga karatun waƙa.

Kowane wuri ne, ku je da ƙafarku a daidai lokacin da za a yi taron, ba da yamma ba in da safe za a yi. Ku duba inda rana ke faɗowa, ku ƙirga tagogi, ku shiga banɗaki ku gani da idonku, na maza da na mata. Ku tambayi inda za a yi alwala da salla. Ku tsaya a layin ƙarshe wani ya yi magana daga gaba. Ku ɗauka babu wutar NEPA, ku yi hayar janareta, a aje shi nesa da doguwar waya, a sayi mai tun jajibiri. In an ba ku zaure kyauta, ku nemi a rubuta a takarda da sa hannu da kwanan wata. Mu an taɓa ba mu wani da baki, saura kwana huɗu aka ce an ba masu ɗaurin aure, kuma babu abin da muka iya sai Allah ya isa a zuci.

Gaisuwa da neman izini

Wannan a yi shi da wuri kuma a yi shi da ƙafa. A fara da mai unguwar wurin, shi zai nuna muku hanyar hakimi in da bukata. A kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin mai ɗauke da rana da wuri da adadin mutanen da ake sa rai, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. In kuna son masarauta ta san da zamanku, ku rubuta wa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau ta hannun sakatare, ku nemi albarka da wakili.

Ku shirya amsar tambaya ɗaya, domin za a yi muku ita. Mai unguwarmu ya karanta takardar har ƙasa, ya cire tabarau ya ce, "To Malam, wannan asalin da za ku tono, na wa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa nasa zai kawo, ba mai taɓa na wani." Ya ce, "In haka ne ku sa mini kujera." Garin nan ya ga tashin hankali a baya, kuma dattawa suna da hujjar ɗar-ɗar da duk taron da ya ambaci ƙabila ko addini. Ku nuna musu jerin masu magana tun kafin su tambaya.

Kuɗi

Ba zan ba da adadi ba, domin farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Tsarin dai shi ne ku rubuta komai a jeri uku: abin da babu biki in babu shi, abin da zai ƙara armashi, da abin ado. Lasifika, janareta, kujeru, ruwa, kuɗin motar masu magana, suna jeri na farko. Riguna masu tambari da jakunkuna da allunan karramawa suna na uku, kuma su ne ke cinye kuɗin yawancin bukukuwa. Ku bar kashi ɗaya cikin goma a gefe don abin da ba a zata ba.

Wajen nema, kaya sun fi kuɗi sauƙin samu. Mai gidan burodi zai ba da burodi, mai ruwan leda ya ba da jaka ashirin, mai ɗab'i ya buga fosta a sa sunansa a ƙasa, makaranta ta ara kujeru. Ɗan siyasa in ya ba da kuɗi, yawanci da makirufo yake so a biya shi. Ku yanke shawara tun kafin ku je gidansa ko za ku iya biyan wannan farashi. Alkawarin da bai shigo asusu ba kuwa, kada ku sa shi a lissafi.

Marubucin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Gusau, a tura masa kuɗin mota kafin ya taso. Ba a barin baƙo yana zagaye bayan taro yana neman ma'aji.

Masu magana da tsarin zama

Nan ne zuciyar aikin. Kowane zama mutum uku da mai jan ragama, awa ɗaya da kwata, ba ƙari. Cikin ukun nan ɗaya kaɗai ya zama malamin jami'a. Na biyu marubuci mai littafi a kasuwa ko mai rubutu a intanet da matasa ke bi. Na uku mutumin da batun ke jikinsa: tsohon ma'aikacin reluwe, ungozoma, maɗinkin babbar riga, tsohon mai haɗa haruffa a maɗaba'a, malamin allo mai rubuta ajami. Mutum na ukun nan shi ne zai fi wuyar samu, kuma shi jama'a za su riƙa tunawa.

Kada ku aika masa kati. Ku je gida, ku zauna, ku sha ruwa. Wata tsohuwa da muka nema a Sabon Gari cewa ta yi, "Ɗana, ni me na sani? Ban yi boko ba." Na ce, "Mama, ba karatu za ki yi ba. Labarin ranar da aka kawo ki garin nan amarya za ki ba mu." Ta yi dariya ta ce ai wannan sai a kwana. Ranar taron ta zo da wani ƙaramin kwanon sha mai marfi da uwarta ta sa mata a kayan aure, duk fentinsa ya goge. Ta ɗora shi a kan tebur ta fara magana da Hausa, in abin ya motsa ta sai ta zarce da harshen garinsu, jikarta na fassarawa. Minti goma sha biyu ta yi. Babu wanda ya taɓa waya.

Daga nan muka mai da shi doka: duk mai magana ya zo da abu ɗaya na gidansu. Allo, hoto, takardar haraji, zani, wasiƙa. Abu a hannu yana hana mutum tashi sama da magana.

A hana karanta takarda. Malamin da ya rubuta maƙala a karɓa a buga a raba, amma a kan dandamali hira za a yi. Mai jan ragama ya kira kowane mai magana mako guda kafin ranar, ya gaya masa tambaya ta farko da za a yi masa, ya ji inda labarinsa ya fi nauyi. Ya kuma zama mai iya katse babba cikin ladabi. "Allah ya gafarta Malam, mu ɗan ji ta bakin Hajiya a kan wannan" ta fi ƙararrawa aiki. Minti ashirin na ƙarshe na masu sauraro ne, kuma a faɗa musu tun farko cewa tambaya ake so, wanda ya fara da "ni ba tambaya gare ni ba, ƙarin bayani ne" minti ɗaya gare shi. A miƙa makirufo ɓangaren mata da gangan, domin in an jira su ɗaga hannu maza za su cinye lokacin.

Buɗe taro kada ya wuce minti ashirin: addu'a, maraba, sai waƙa. Manyan baƙi a gaishe su a jimla. Na san wannan zai ɓata wa wasu rai, kuma a garin sarauta ba ƙaramin abu ba ne. Dabarar ita ce a ware musu zama na musamman da la'asar, na karramawa da hotuna, a rubuta a katinsu cewa lokacinsu ke nan. Sun samu girmansu, ku kuma kun samu safiyarku.

Tsakanin kowane zama biyu a sa karatun waƙa ko gajeren labari, mutum uku, minti biyar-biyar. Ɗaliban sakandare su ne farko, ba ƙarshe ba. Ku rubuta wa makarantu irin Barewa da Alhudahuda da makarantun 'yan mata da na Islamiyya tun wata biyu kafin biki, ku ba su abu ɗaya su rubuta a kai, misali "Sunan da ake kirana a gida" ko "Inda kakata ta fito". Malamin Hausa na kowace makaranta ya zaɓo biyu.

Harshe, da lokacin da zance ya yi zafi

Hausa ce harshen taro, amma duk wanda ya ga zai fi sakewa da Turanci ko Fulatanci ko Yarbanci ko Bajju, a bar shi, a samu mai taƙaitawa. Kada a bar kowa ya gyara wa wani Hausa a bainar jama'a. Ba a gayyato mutum ya faɗi ko shi wane ne sannan a yi masa dariyar karin harshe.

Zance zai yi zafi, musamman in aka zo kan Haɓe da Fulani, ko bauta da masu ita, ko Kudancin Kaduna da tsohuwar dangantakarta da masarauta. Kada ku gudu daga waɗannan, domin biki kan asali da ya tsallake su shan shayi ne kawai. Amma ku kafa sharaɗi biyu a faɗe su a farkon kowane zama: kowa ya yi magana a kan kansa da gidansu, kuma ba a zagin addini ko ƙabilar kowa. Wanda ya ce "mu an yi mana kaza" a saurare shi. Wanda ya fara "ai su dama halinsu ke nan" a karɓi makirufo. Ku zaunar da dattijo ɗaya mai kwarjini a layin gaba, wanda in ya ɗaga hannu kowa zai yi shiru.

Wasan barkwanci ma magani ne. In akwai Bakano a kan dandamali, a bar Zage-zagi su ɗan taɓa shi, shi ma ya rama. Bafulatani da Babarbare haka. Kakanninmu sun daɗe da gano yadda ake maganar bambanci ana dariya, sai dai mai jan ragama ya san inda wasa ke ƙarewa.

Teburin littattafai

A sa shi a bakin ƙofa inda kowa zai bi ta gabansa, ba a lungu ba. Mutum biyu, littafin lissafi ɗaya, da na'urar POS ko lambar asusu a rubuce da manyan baƙaƙe. Kowane marubuci ya kawo kwafinsa a ƙirga a gabansa, a rubuta, ya sa hannu, a kuma yi masa lissafi a ranar kafin ya tafi. Ku gayyaci masu sayar da tsofaffin littattafai na Sabon Gari da Samaru da masu littattafan addini da na ajami na cikin gari, su baje nasu. A wurinsu ne wani zai tsinci bugun Gaskiya da ya yi shekara talatin yana nema. A samu ƙananan littattafai masu araha saboda ɗalibai, domin yaron da ya sayi littafi ɗaya da kuɗin tararsa ya fi muku babban mutum da ya sayi kwafi hamsin a ƙaddamarwa ya zuba a but.

Yaɗa labari

Fosta a Facebook da WhatsApp tana kai wa matasa. Dattawa da matan aure rediyo ne da baki. Ku nemi shirin adabi ko na al'adu a gidajen rediyon Zariya da Kaduna ku shiga hira, wannan ba ya cin kuɗi kamar talla. A sanar a masallatai da coci-coci da makarantun Islamiyya na matan aure. A kan kowace sanarwa a rubuta cewa shiga kyauta ne kuma za a fara a kan lokaci, sannan ku cika alkawarin ko da mutum tara ne a zaure.

Ranar biki

Kwamiti ya iso awa biyu kafin lokaci. A gwada makirufo duka, a sa sabon batir, a aje wani a aljihu. Mutum ɗaya aikinsa agogo kaɗai, da kwali biyu a hannu, ɗaya an rubuta "saura minti 2", ɗaya "lokaci ya cika". Mutum ɗaya a ƙofa da rajista, suna da unguwa da lambar waya ga wanda ya yarda. Layin unguwar nan kada a raina shi, shi zai gaya muku daga baya ko Zariya duka ta zo ko ɓangare ɗaya.

A tsaya salla a kan lokaci, a faɗi ƙarfe nawa za a dawo, kuma a raba abinci bayan an dawo ba kafin a fita ba. Waina da miya ko dambu a leda, da zoɓo ko kunun aya, sun wadatar. A tanadi tabarma a gefe saboda masu goyo.

A ɗauki sautin kowane zama, ko da waya ce aka jingina kusa da lasifika. Amma a nemi izinin mai magana tukuna, musamman tsofaffi da mata, kuma wanda ya ce kada a sa fuskarsa a intanet a kiyaye. Masu yanko minti ɗaya daga maganar mutum su watsa don tada ƙura suna nan, saboda haka ku riƙe cikakken ɗaukar a hannunku.

Zaman dare a tashi kafin ƙarfe tara da rabi, a tabbatar 'yan mata da ɗalibai sun samu abin hawa kafin kwamiti ya watse.

Washegari

A mayar da kujeru a ƙirge, wadda ta karye a biya ba tare da gardama ba, domin baɗi ma za ku koma wurin mai ita. A share wurin. Cikin mako guda ma'aji ya fito da lissafi a takarda ɗaya, a tura wa duk wanda ya ba da ko jakar ruwa ce. A koma gidan mai unguwa da gidajen tsofaffin da suka yi magana, da goro da hoton da aka ɗauke su an wanke a kati. Sautin da aka ɗauka a kwafe shi wuri biyu, a rubuta sunan zama da kwanan wata a kan kowanne, a samu ɗalibai biyu su mayar da shi rubutu tun muryoyin suna kunnensu. Waƙoƙin yaran makaranta kuma a tattara a buga ɗan ƙaramin littafi, ko shafi ashirin ne da aka ɗinke da sitefula, a kai wa kowace makaranta kwafi biyar, a rubuta sunan kowane yaro daidai yadda ya rubuta shi da hannunsa.